Sunan Cuta a Bakin Malami: Sharhi a Kan Harshen Darasin Balaga a Makarantun Ƙauye

1. Mafari

A shekarar 1999 ne Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta yarda a shigar da darasin balaga da zaman iyali cikin karatun makarantun Nijeriya. Abin da ya jawo wannan shawara kuwa shi ne cutar nan mai karya garkuwar jiki, wadda aka fara ba da labarin ɓullarta a ƙasar nan a 1986. Manhaja ta farko ta fito a 2001, sai malaman addini da iyaye suka yi mata ca. Aka koma aka rage waɗansu abubuwa, aka sauya mata suna, ta sake fitowa a 2003 daga hukumar tsara manhaja ta ƙasa, watau NERDC, da sunan Ilmin Zaman Iyali da Cutar HIV. Ba a ware mata lokacinta na kanta ba, an barbaɗa ta ne cikin darussan kimiyya da na zaman jama'a da makamantansu, aka kuma ba kowace jiha izinin ta daidaita ta da al'adun mutanenta. Bayan shekara 19, a watan Nuwamba na 2022, Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umurci hukumar ta cire wannan darasi daga karatun matakin farko, ya ce aikin iyaye ne da malaman addini.

Duk tsawon shekarun nan gardamar da a ke yi ɗaya ce, watau ko a koyar ko kada a koyar. Masu cewa a koyar suna kawo lissafin waɗanda suka kamu, masu cewa kada a koyar suna kawo zancen tarbiyya, kowa kuwa da tasa gaskiyar. Amma akwai tambayar da ta kamata ta riga wannan, wadda da wuya ka ji an yi ta: in za a koyar, da waɗanne kalmomi? Manhajar nan da Turanci aka rubuta ta, littattafan da a ke karantawa a aji ma haka. Yaron da ke aji 6 na firamare ko aji 1 na ƙaramar sakandare a ƙauyen Katsina ko na Jigawa kuwa da Hausa ya ke tunani, da ita kuma malaminsa ya ke fassara masa duk abin da ya ke so ya gane, kome dokar harshen koyarwa ta ce. Saboda haka darasin da ke isa kunnen yaro shi ne wanda malam ya ƙera nan take a gaban allo.

Ra'ayinmu a wannan takarda shi ne, ƙyamar da a ke nuna wa masu waɗansu cututtuka a makarantun gwamnati na ƙauyuka, rabonta mai yawa yana cikin kalmomin da aka bar malam da yara da su. Hausa kuwa tana da waɗanda suka fi su, ba a dai waiwaye su ba.

2. Sunan darasin kansa

Mu fara da sunan da jaridu da gidajen rediyo suka fi kiran darasin da shi, watau ilmin jima'i. Duk Bahaushen da ya ji wannan suna sai ya yamutsa fuska, kuma ba shi da laifi, domin nahawun harshensa ne ya gaya masa abin da ya ji. In aka haɗa kalmar ilmi da sunan abu, kamar ilmin taurari ko ilmin tsirrai, ma'anar ita ce sanin yadda abin ya ke. In kuwa aka haɗa ta da sunan aiki, kamar ilmin noma ko ilmin ɗinki ko ilmin tuƙi, ma'anar ta koma sanin yadda a ke yin aikin. Jima'i sunan aiki ne. Ashe mai fassara ya gaya wa uba cewa za a koya wa ɗiyarsa mai shekara 12 yadda a ke yi, alhali abin da ke cikin manhajar 2003 shi ne sauyin jiki lokacin balaga, da hanyoyin da cuta ke bi, da kame kai har zuwa aure.

Da tun farko an ce ilmin balaga, ko darasin balaga da kiwon lafiya, da an rage wutar da rabi. Balaga kalma ce da kowane uba ya san nauyinta, ya san daga ita ne salla da azumi su ke hawa kan yaro, ya kuma san wajibi ne yaro ya san alamunta. Wannan kuskure na kalma ɗaya ya ci wa darasin amanar iyaye tun bai shiga aji ba.

3. Matakai uku na magana

A kan ce wai Hausa ba ta da kalmomin da za a yi wannan darasi da su ba tare da an yi batsa ba. Wannan magana ba ta da tushe. In mun duba, za mu ga Bahaushe yana da matakai uku na ambaton jiki da abin da ya shafe shi.

Na farko shi ne batsa, watau sunayen da a ke zagi da su. Ba sai mun kawo su ba. Abin lura dai shi ne, yaron ƙauye ba a tsare kunnensa daga gare su ba. Ranar kasuwa mai maganin gargajiya ya kan ɗora lasifika a kan mota, ya yi ta zayyana ciwon sanyi da raunin mazakuta filla-filla, yara suna tsaye da farantin talla suna saurare. Wanda ya ce shirun makaranta yana kare yaro daga jin waɗannan abubuwa, to, ya manta da kasuwa da tasha. Shirun makaranta abin da ya ke yi shi ne ya bar wa mai lasifika filin shi kaɗai.

Na biyu shi ne sakaya, irin su gaba, da ƙasa, da mara, da al'ada, da fashin salla, da kwana da mutum, da sanin ɗa namiji. Wannan shi ne harshen cikin gida, yana da kyau, yana kuma tsare mutunci. Amma sakaya tana aiki ne tsakanin mutum biyu waɗanda dukansu sun riga sun san abin da a ke nufi. Ba a koyar da wanda bai sani ba da ita. In malam ya ce wa yara cutar tana shiga ta hanyar kwana da mai ita, yaro mai shekara 10 wanda ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa huɗu a kan tabarma ɗaya, me zai fahimta? Zai fahimci cewa kusantar mai cutar haɗari ne, ya kuwa tashi daga benci in an ce masa wane yana da ita.

Na uku shi ne harshen fiƙihu, wanda ya shigo Hausa daga Larabci tun ɗaruruwan shekaru, ya zauna daram: al'aura, farji, azzakari, maniyyi, maziyyi, wadiyyi, haila, nifasi, janaba, balaga. Waɗannan kalmomi suna kiran abu da sunansa sosai, ba su kuwa sa kowa ya sunkuyar da kai. A zauren malam a ke karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, a kai ga Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, a kuma fassara babin tsarki kalma kalma da Hausa ga matasa, a bambanta musu ruwan da ke wajabta wanka da wanda ke wajabta alwala kaɗai. A makarantun Islamiyya ma 'yan mata suna koyon hukuncin haila da kwanakinta. Ba a taɓa jin uba ya cire ɗansa daga zaure don an kai wannan babi ba. Kafin haka Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa aika jajis ɗinta ƙauyuka suna koya wa mata addininsu da harshensu. Da yawa daga cikin kalmomin nan, kamar balaga da haila da al'aura, sun riga sun zama na kowa, har masu jin Hausa waɗanda ba Musulmi ba suna amfani da su.

Babban aibin manhajar, a ganinmu, shi ne ta wuce wannan mataki na uku kamar babu shi. Malamin da aka miƙa wa littafin Turanci aka ce ya koyar, hanya uku ce gabansa. Ko dai ya tsallake babin, ko ya karanta shi da Turanci yara su haddace ba su gane ba, ko kuwa ya rufe littafin ya koma tsoratarwa, ya ce duk wanda ya bi banza zai rame ya mutu. Wannan hanya ta ƙarshe ita ce ta fi sauƙi ga mai kunya, ita ce kuma ta fi haifar da ƙyama, domin ta ɗaure cuta da laifi wuri ɗaya a zuciyar yaro.

4. Ƙanjamau

Kalmar ƙanjamau daga aikatau ƙanjame ta fito, watau mutum ya rame ya bushe. An sa mata ɗafa-ƙeya -au, irin wadda mu ke gani a mantau da makarau da gagarau, wadda aikinta shi ne ta kira abu da halin da aka fi saninsa da shi. Akwai wata cuta da aka raɗa wa suna ta wannan hanya, watau sanƙarau, kuma kwatanta su biyun yana da amfani. Sanƙarewar wuya tana cikin alamun da ke bayyana da wuri, saboda haka sunan sanƙarau gargaɗi ne: uwa in ta ga wuyan ɗanta ya ƙi lanƙwasuwa ga zazzaɓi mai zafi, sunan da kansa ya gaya mata ta nufi asibiti. Ƙanjamewa kuwa alama ce ta ƙarshe. Wanda ƙwayar HIV ta shiga jikinsa ya kan yi shekara 8 ko 10 ba tare da ya rame ba, ko da bai sha magani ba. Ashe sunan yana nuna ƙarshen hanya ne, ba ya faɗin kome game da farkonta.

Lokacin da aka ƙirƙiri kalmar, tana da uzuri, domin a wancan zamani babu magani, mutane ba su ganin mai cutar sai ya kwanta. Daga nan ne ma laƙabin kabari-kusa ya samo asali. Amma tun 1996 aka sami haɗin magungunan da ke danne ƙwayar, Gwamnatin Nijeriya ta fara shirin ba da su a 2002, ta mai da su kyauta a 2006. Wanda ke shan su kullum ba ya ƙanjamewa, yana noma, yana aure, yana haihuwa. Binciken likitoci ya kuma tabbatar da cewa in ƙwayar ta ragu har awo ya kasa ganinta a jini, ba ya sa wa abokin aurensa. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, watau mutum wajen miliyan 1.9 in an haɗa da yara da tsofaffi, shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6 ne. Galibin waɗannan mutane ba mai gane su da ido.

Saboda haka sunan yana koyar da ƙarya iri biyu. Yana sa a zargi ramamme, ko da tarin fuka ne ya rame shi, ko ciwon sukari, ko yunwar bazara. Yana kuma sa a amince da mai jiki, a ga babu bukatar awon jini kafin aure tun da ga shi nan ɓul-ɓul. Ta farko tana cutar yaron da aka ƙaurace wa a makaranta, ta biyu tana cutar yarinyar da za a aurar.

A 2017 Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa, tare da likitoci da masana harshe, suka fito da sababbin sunayen wannan cuta cikin Hausa da Ibo da Yarabanci, da niyyar rage tsangwama. A Hausa suka zaɓi karya-garkuwa ga ƙwayar, suka bar ƙanjamau ga ciwon in ya bayyana. Aikin ya cancanci yabo ta wajen raba ƙwaya da ciwo, abin da Hausar titi ba ta yi. Karya-garkuwa kuma kalma ce mai kyau. Ta bi ƙirar Hausa ta haɗa aikatau da abin da aka aikata wa, kamar hana-salla da dafa-duka da ɓata-gari. Ta fi doguwar jimlar nan ta rediyo, watau cuta mai karya garkuwar jiki, sauƙin faɗa, tana kuma koyar da yadda cutar ke aiki, domin yaro ya san garkuwa, ya san abin da ke samun mayaƙi in tasa ta karye.

Inda muka saɓa da su shi ne barin ƙanjamau. A wurin likita rabon daidai ne. Amma a bakin jama'a, in kalma biyu suna takara a kan abu ɗaya, tsohuwa mai hoto a cikinta ita ke cinye sabuwa. Muddin littafin makaranta ya amince da ƙanjamau, yaro zai riƙe ta ya yar da ɗayar, ya kira duk mai shan magani da ita. Abin da ya fi shi ne a tsaya a kan karya-garkuwa, in ana nufin matakin ƙarshe a ce ta yi tsanani.

Wani zai ce, ai a Nijar sida a ke cewa, kalmar aro daga Faransanci wadda ba ta ɗauke da hoton rama, amma can ma akwai ƙyama. Gaskiya ne, kuma wannan ya nuna sauya suna shi kaɗai ba ya warkar da tsoro. Abin da mu ke cewa bai kai nan ba. Cewa mu ke yi, kada sunan da malam ya rubuta a allo ya riƙa ƙaryata darasin da ya ke koyarwa a ƙarƙashinsa.

5. Ya kamu, ya kwaso

Bayan suna sai aikatau, watau fi'ili, a nan kuwa ɓarnar ta fi ɓoyuwa. Masu nazarin Hausa sun san rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatau a 1960 zuwa aji bakwai. Aji na 6, mai ƙarewa da -o, yana nuna an je wani wuri an yi aiki an taho da sakamakonsa: sayo, ɗebo, ɗauko, kwaso, jawo. Aji na 7, mai ƙarewa da -u, yana nuna abu ya auku a kan mutum: kamu, bugu, taɓu.

To, mu saurari yadda a ke magana. In ƙyanda ce ko sanƙarau, a kan ce ta kama shi, ko ya kamu da ita. Cuta ce mai aikatawa, yaro abin tausayi ne. Da wuya ka ji an ce wane ya kwaso sanƙarau. Amma in karya-garkuwa ce ko ciwon sanyi, sai ka ji ya kwaso, ya ɗauko, ta jawo wa kanta. Wasali ɗaya a ƙarshen kalma ya riga ya yanke hukunci: ya fita, ya je inda bai kamata ba, ya dawo da ita da hannunsa.

Mu auna wannan da halin ɗan firamare. Yaron da ke ɗauke da ƙwayar a wannan shekaru, galibi daga mahaifiyarsa ya same ta, ko a ciki, ko wurin haihuwa, ko ta nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi kome ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iyaye mata masu ƙwayar su kan kamu, in kuwa uwa tana shan magani a kan sauko ƙasa da 5. Waɗansu kuma ta ƙarin jini ne, ko ta allura ko askar da ba a tsabtace ba. Yarinya mai shekara 11 wadda aka haifa da ƙwayar, tana zaune a aji tana jin malaminta yana cewa masu yawon banza ne ke kwaso ta, me aka ce mata game da kanta da mahaifiyarta? Irin wannan yarinya ita ce ke ɓoye maganinta, ta tsallake sha ranar da baƙi suka kwana a gida, ƙwayar kuwa ta sami damar farfaɗowa. Malaman fiƙihu sun san jifan mutum da alfasha ba shaida shi ne ƙazafi, haddinsa bulala 80. Mai cewa ta kwaso ya kusanci wannan iyaka bai sani ba.

Akwai darasi kuma cikin tarihin kuturta. Hausa ta ba mai wannan cuta suna guda, kuturu, kamar yadda ta ce makaho da gurgu, watau ta mai da ciwo ya zama shi ne mutumin. Tun a shekarun 1930 aka kafa wuraren jiyya a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, sunan na Kano ma ya isa ya nuna abin da masu zuwa can su ke ɗauke da shi bayan ciwo. Tun 1981 akwai haɗin magani mai warkar da kuturta cikin wata 6 zuwa 12, wanda ya fara sha kuma ba ya daɗewa ya daina yaɗa ta. Duk da haka wanda ya warke sarai har yanzu kuturu a ke ce masa, ɗansa kuma ɗan kuturu ne a filin wasa. Ciwo ya tafi, suna ya zauna. In aka bari ɗan ƙanjamau ya daskare a bakin yara kamar haka, dokar 2014 wadda ta hana nuna wa masu ƙwayar wariya a wurin aiki da makaranta ba za ta iya kankare shi ba. Doka tana iya hana hedimasta korar yaro, amma ba ta iya tilasta wa yara su sa hannu a kwano ɗaya da shi.

6. Sanyi da tsargiya

Kalmar sanyi ita ce babban buhun da Hausa ke zuba cututtukan mara a ciki. A ciki akwai wanda a ke ɗauka ta saduwa, mai sa fitar mugunya da zafin fitsari. Akwai ƙaiƙayi da farin ruwa da ke samun mata, wanda ya kan sami yarinyar da ba ta taɓa sanin namiji ba. Akwai kuma ciwon mafitsara. Sanadinsu dabam dabam ne, maganinsu ma haka, amma suna ɗaya. Sakamakon haka shi ne, magidancin da ya kamata ya kai kansa da iyalinsa asibiti sai ya ce ai sanyin damina ne ko na masai, ya sayi jiƙo a kasuwa. Ita kuwa 'yar makarantar da ba ta yi kome ba sai ta yi shiru da ciwonta, don ta san abin da za a zata in ta ce sanyi.

Tsargiya ta fi kowace nuna haɗarin wannan ruɗani a ƙauye. Tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi a kududdufi da madatsar ruwa da fadamar shinkafa, ta huda fata sa'ad da yaro ke wanka ko wanki. Alamarta fitsarin jini. A waɗansu wurare in yaro namiji ya fara shi sai a ce girma ne ya zo. In kuwa mace ce, tsutsar ta kan taɓa al'aura da bakin mahaifa, ta kawo zubar jini da ruwa da ciwo masu kama da na cututtukan saduwa, har ma'aikacin asibiti ya kan ruɗe. Ga cuta ɗaya daga ruwa ɗaya, a namiji ta zama abin taƙama, a mace ta zama abin zargi. Maganinta kuwa ƙwayoyi ne da a ke rabawa a makarantu. Malamin da ba shi da kalmar da zai ambaci wurin ciwon da ita, yaya zai raba wa 'yan mata wannan da wancan?

Haka ciwon hanta irin na B, wanda binciken 2018 ya samu a jikin wajen mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya, ya fi karya-garkuwa yawa nesa ba kusa ba. A ƙasashenmu galibi tun ana jariri ko ƙaramin yaro a ke kamuwa da shi, kuma aska ɗaya ta wanzami wurin kaciya ko tsaga ko ƙaho tana iya kai shi daga jiki zuwa jiki. Haka kuma allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023. Duk waɗannan suna bukatar malam ya iya cewa mahaifa da al'aura da jini a gaban aji ba tare da muryarsa ta rawa ba.

7. A bar wa iyaye?

Maganar Minista ta 2022 cewa a bar wa iyaye da malaman addini, rabinta daidai ne. Mun riga mun nuna malaman zaure su ne ma'abota kalmomin. Amma zancen iyaye bai yi la'akari da tsarin gidan Bahaushe ba. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda kunya, ita za ta zaunar da shi ta yi masa bayanin mafarki? A al'ada wannan magana ba ta bi ta bakin uwa da uba. Ta kan bi ta wurin kaka, wadda ke da wasa da jika, ko gwaggo, ko yaya, ko ungozoma, ko malam. Watau tun asali Bahaushe wani ya ke wakiltawa. Malamin makaranta yana iya zama ɗaya daga cikin wakilan nan, in ya yi magana da harshen da iyaye suka yarda da shi.

Sai dai akwai iyaka ga aron da za a yi daga fiƙihu. Babin tsarki yana magana ne a kan abin da ke ɓata alwala da abin da ke najasa. In aka kwashe shi gaba ɗaya aka ɗora a kan cuta, yaro zai ɗauka mai ciwo najasa ne, an koma gidan jiya. Abin da za a ara shi ne sunayen gaɓoɓi da na ruwaye da natsuwar da a ke faɗinsu da ita. Bayanin ƙwayar cuta da hanyoyinta kuwa na likita ne. Shi zai ce karya-garkuwa ba ta bin moɗa ko kwano ko musafaha ko cizon sauro, tarin fuka kuwa iska ya ke bi amma yana warkewa da maganin wata 6.

8. Abin da ya kamata a yi

Shawararmu ita ce a rubuta jagoran malami da Hausa tun daga tushe, kada a fassaro shi. A zaunar da malamin fiƙihu da ma'aikacin asibiti da ungozoma da malamin Hausa a kan tabarma ɗaya, su bi kalmomin ɗaya ɗaya. A kira darasin da sunan balaga. A ɗauki sunayen jiki daga harshen zaure. A raba buhun sanyi, kowane ciwo da sunansa da sanadinsa. A tsaya a kan karya-garkuwa, a kuma gargaɗi malam ya riƙa cewa ya kamu, ya bar ya kwaso. A raba maza da mata ranar wannan darasi, inda babu malama kuwa, kamar yadda ya ke a ƙauyuka da yawa, a gayyato ma'aikaciyar asibitin da ke kusa. Kafin a kai littafin aji, a karanta shi a gaban iyaye da limami da mai unguwa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma uban da ya ji da kunnensa ba ya bukatar jita-jita.

Sassan nazarin Hausa na jami'o'i suna da nasu rabon aikin. Kalmomin nan sun bambanta daga Sakkwato zuwa Haɗeja, daga Zariya zuwa Damagaram, abin da ya ke sakaya a wani gari ya kan zama batsa a wani. Tattara su daga bakin ungozomomi da wanzamai da masu jiyya, da auna yadda yaro mai shekara 12 ya ke fahimtar kowace, aiki ne da ɗalibanmu za su iya somawa a garuruwansu lokacin hutu, kuma shi ne harsashin da jagoran malamin zai tsaya a kai.